Kafintan Da Ya Tozarta Maƙwabciyarsa Saboda Barcin Kyanwa

Akwai wani kafinta da mutanen layinsu suka laƙaba wa suna Zarto. Ba don sana'arsa kaɗai ba, har da bakinsa. Idan ya kama mutum da magana, sai ya raba shi biyu kafin ya sake shi.

Aikinsa kam ba shi da makusa. Ƙofar da ya kafa ba ta kuka, kujerar da ya haɗa ba ta rawa. Shi ya sa yake ganin kamar yadda idonsa ba ya kuskure a kan katako, haka ba ya kuskure a kan mutane.

Yana zaune da matarsa da 'ya'yansu a wani gidan haya mai tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya. A ɗakin da ke kusa da ƙofar shiga akwai wata dattijuwa mai sayar da abinci, kowa Inna yake ce mata. A gefen ɗakinta take girki, a ƙofar gida take sayarwa, ƙarƙashin wata 'yar rumfar kwano.

Direbobi da masu gyaran waya da leburorin wani babban gini da ake yi a ƙarshen layi, duk wurinta suke cin abincin rana. Da wannan tukunyar take riƙe da kanta da mijinta, Baba, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar a ɗaki.

Zarto yana da wata kyanwa mai launin toka, Toka ma ake kiranta. Ta mahaifiyarsa ce. Kafin tsohuwar ta rasu ta ce masa, "Ka kula min da wannan baiwar Allah." Tun daga nan, mutumin da ba ya raga wa kowa ya zama idan Toka ta kwanta a kan rigarsa sai dai ya nemi wata ya sa.

Wata rana ya yanke a yatsa a wurin aiki, ya dawo gida da rana tsaka, lokacin da bai saba zama a gida ba. Yana shigowa ya ga Toka ta fito daga wurin girkin Inna tana lashe baki. Inna ta biyo ta da ludayi tana dariya, tana cewa, "Ke dai ɓarauniya, wata rana sai na yi maganinki."

Ya shige, ya zauna a bakin ƙofarsa yana duba yatsan. Toka ta zo ta miƙe a kan tabarma kusa da ƙafarsa, barci ya kwashe ta.

Can sai ya ga ƙafafunta sun fara shure-shure, kamar mai gudu a kwance. Jelarta tana dukan tabarma. Kunnuwanta suna kaɗawa, gashin bakinta yana rawa, idanunta a ɗan buɗe ba ka ganin komai sai fari. Sai ta yi wata irin fizga da duk jikinta, har ta kusa barin ƙasa, ta saki wani siririn kuka.

Abin da ya faɗo masa a rai shi ne ɓeran da ya taɓa gani a shagonsa bayan ya ci magani, yana shure-shure kafin ya mutu. Nan take ya tuna maganar Inna.

Ya ƙwala wa matarsa kira, ya zaro waya ya fara ɗaukar bidiyo.

Matar ta fito riƙe da murfin tukunya. Ta duba ta ce, "Baban yara, ai takan yi haka in barci ya yi mata nauyi. Ni na sha gani."

Ya ce, "Rufe min baki. Ke likita ce? Da kunnena na ji matar can ta ce za ta yi maganinta."

"Wasa fa take yi. Kullum haka suke."

"Na ce ki yi min shiru."

Tsawar da ya daka mata ta sa murfin ya suɓuce daga hannunta ya faɗi. Ƙarar ta tashi Toka. Ta ɗaga kai, ta yi miƙa, ta yi hamma, ta taka lafiya lau zuwa bakin famfo ta sha ruwa.

Da mai natsuwa ne, da nan magana ta ƙare. Amma Zarto ya riga ya yanke hukunci. Ya ce wa kansa gubar ce ba ta yi yawa ba, Allah ya taƙaita. Ya zura takalmi ya yi waje.

A lokacin, rumfar Inna ta cika maƙil, benci babu masaka tsinke, wasu a tsaye suke ci. Ya tsaya a tsakiyarsu ya ɗaga murya.

"Inna, abin da za ki saka min da shi ke nan? Dabbar da ba ta da baki, amanar uwata, ita za ki ba guba don ta lashi kwanonki?"

Hannuwa suka tsaya a cikin kwanuka. Inna ta juyo da ludayi a hannu ta ce, "Kafinta, ni?"

"Ke fa. Ku duba, jama'a." Ya ɗaga waya yana nuna musu Toka tana fizge-fizge. "Daga wurin girkinta ta fito. Wanda ya iya sa wa kyanwa guba a inda yake dafa abincin mutane, ku da kuke ci sai ku yi wa kanku hisabi."

Wani direba ya ajiye cokali a hankali. Wani lebura ya tofar da abin da ke bakinsa.

Inna ta dube shi ta daɗe. Leɓenta ya motsa kamar za ta yi magana, sai ta fasa. Ta ce, "Allah ya huci zuciyarka." Ta juya ta rufe tukunyarta.

Shirun nata ya ƙara tunzura shi, yana ganin rashin gaskiya ne ya ɗaure mata baki. Da ya koma ɗaki ya tura bidiyon a zauren waya na mutanen unguwa. Amma kafin ya tura, sai da ya yanke ƙarshensa, tun daga fitowar matarsa har inda Toka ta farka ta yi miƙa. A ransa ya ce wannan wurin ba shi da amfani, zai raba wa mutane hankali ne kawai.

Ku da kuke riƙe da waya kun san sauran. Kafin la'asar, labari ya zama kyanwa ta mutu. Washegari ya zama an samu maganin ɓera a cikin buhun shinkafarta. Kafin mako ya zagayo, har akwai masu rantsuwa cewa wani lebura yana kwance a asibiti.

Shugaban ma'aikatan ginin ya hana mutanensa zuwa rumfar. Direbobi suka koma gaba. Inna ta sauke babbar tukunya ta ɗora ƙarama, ita ma ƙaramar sai ta wuni ba ta ƙare ba. Amma kullum sai ta share rumfar, ta goge benci, ta zauna.

Zarto kuwa ya kulle Toka a ɗaki. Ba ta fita, ba ta cin komai sai abin da ya ba ta da hannunsa.

Ranar hutun ƙarshen mako yana kwance da hantsi, sai ya ji tabarma tana motsi. Ya waiwaya. Ga Toka a kwance tana shure-shure, jela tana dukan ƙasa, jiki yana fizga, sak irin na ranar nan.

Matarsa tana ninke kaya a gefe. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Yau kuma wa ya ba ta?"

Ya gane abin da take nufi. Amma girman kai ba ya faɗuwa da sara ɗaya. Ya ce, "Ragowar gubar ce take aiki a jikinta. Zan kai ta wurin likita, ki ji da kunnenki."

Ya sa ta a kwali, ya huda masa ramuka, ya hau mota zuwa asibitin dabbobi.

Likitar wata mata ce mai sanyin magana. Ta ɗora Toka a kan tebur, ta duba idanunta da dasashinta, ta saurari ƙirjinta, ta danna cikinta, ta sa ta taka a ƙasa. Toka ta zagaya ɗakin tana shinshina ƙafar tebur kamar gidansu.

Likitar ta ce, "Malam, in tana wannan fizgar, idonta biyu ko tana barci?"

"Tana barci."

"Kumfa yana fita a bakinta? Tana sakin fitsari? Tana amai, ko ta ƙi abinci?"

"A'a. Ci kam tana ci."

"In an yi motsi tana farkawa?"

Maimakon amsa, ya miƙa mata wayar ya nuna mata abin da ya tura wa mutane. Ta kalla har ƙarshe ta ce, "A nan ya tsaya? Ina son ganin yadda ta tashi."

Ya nemo cikakken bidiyon. Suka kalla tare. Ga muryarsa yana yi wa matarsa tsawa, ga ƙarar murfi, ga Toka ta yi miƙa ta tafi shan ruwa. Bai taɓa jin muryar kansa daga waje ba sai ranar. Ta yi masa muni ƙwarai.

Likitar ta mayar masa da wayar ta ce, "Kyanwarka lafiyarta ƙalau. Barci ne ya yi nauyi, mafarki take yi. Wataƙila ɓera take bi. Da yawansu suna haka, wasu kaɗan, wasu da ƙarfi kamar taka. Wadda ta ci guba ba ta tashi ta yi hamma ta tafi shan ruwa. In ka ga ta sandare, ko an taɓa ta ba ta farka ba, ko ta tashi a ruɗe tana tangaɗi, to wannan ka kawo ta da gaggawa. Amma wannan, ka bar ta ta yi barcinta."

Ya ce, "Mafarki?"

"Mafarki. Wa ya ce maka guba ce?"

Ya ɗauki kwalinsa ya fita, ko godiyar kirki bai iya yi ba.

A mota bai san inda aka bi ba. Da ya sauka a bakin layi, ya hango rumfar Inna daga nesa, ita kaɗai a zaune tana korar ƙuda daga kan murfin tukunya. Mutumin da yake tafiya a tsakiyar layi ƙirji a gaba, ranar ta bayan gidaje ya zagaya, ya jira ta shiga duba Baba, sannan ya yi wuf ya faɗa gida kamar ɓarawo.

Ya gaya wa matarsa abin da likita ta ce, idonsa a ƙasa. Ya so ta yi masa gori, da ya fi masa sauƙi. Ba ta yi ba.

Ta ce, "Tun da Mama ta rasu, Inna ba ta taɓa yin girki ba ta ajiye wa Toka kan kifi ba. Cewa take yi kyanwar ƙawarta ce. Lokacin da Mama ke jinya, wa yake zama da ita in ka tafi shago? Kowa a gidan nan ya san wannan, Baban yara. Kai kaɗai ne ba ka sani ba, don ba a iya gaya maka magana."

Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Duk da haka ya nemi hanya mai sauƙi. Ya tafi shago ya zaɓi katako mai kyau, ya haɗa dogon benci, ya goge shi har yana sheƙi. Ya sa aka kawo, ya ce wa matarsa ta kai wa Inna.

Ba a jima ba ta dawo. Ta ce, "Ta ce a yi maka godiya. Ta ce benci tana da shi, masu zama a kai ne babu."

Nan ya gane babu inda zai ɓuya. Ya tashi da kansa ya je ƙofar ɗakin ya yi sallama. Muryar da ake ji daga ƙarshen layi, ranar sai da ya maimaita kafin a ji shi.

Ɗakin ƙarami ne, yana warin man shafawa. Inna tana ba Baba ruwa da cokali. Zarto ya durƙusa a bakin ƙofa ya faɗi komai. Ya faɗi maganar likita. Ya faɗi yadda matarsa ta gaya masa gaskiya ya hana ta. Da ya zo kan yanke bidiyon sai harshensa ya sarƙe, amma ya daure ya faɗa.

Baba ne ya fara magana. Bakinsa a karkace yake, kalma ɗaya sai ya yi kokawa da ita kafin ta fito.

"Ranar nan... ina ji. Duk na ji. Na so in tashi... in tsaya mata. Na kasa."

Hawaye ya gangaro ta gefen idon tsohon zuwa kunnensa. Inna ta sa gefen mayafinta ta share masa. Zarto ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa siminti. Da zaginsa aka yi, da ya fi masa daɗi.

Ya ce, "Inna, ki yafe min. Ki faɗi abin da zan yi."

Ta ajiye cokalin ta ce, "Ba a ɗakin nan ka zubar da ni ba, Kafinta. Inda ka zubar da ni, can za ka je ka ɗauko ni."

Ya tura cikakken bidiyon a zauren unguwa tare da bayani da neman afuwa. Na farko an yi ta turawa gaba kamar wutar daji. Wannan kuwa 'yan ƙalilan suka kula, wani ma ya rubuta cewa ruwa ba ya tsami banza, an dai sasanta ne.

Sai ya gane abin da ya shuka da baki ba zai cire shi da yatsa ba. Washegari da rana ya wanke ƙafa ya tafi wurin ginin. Ya samu shugaban ma'aikatan ya roƙe shi ya tara masa mutanensa. Suka taru, jikinsu duk siminti, suna kallonsa.

Ya ce, "Ni ne na ce Inna ta ba kyanwata guba. Ƙarya na yi mata. Babu guba, babu wanda ya kwanta a asibiti. Kyanwar barci take yi, mafarki ne ya sa ta shure-shure."

Sai wani daga baya ya ce, "Wato mage ce ta yi mafarki, mu kuma muka yi mako muna cin burodi da ruwa?"

Wuri ya kece da dariya. Wani ya ce a tambayi lauyan mage ko ta kama ɓeran a mafarkin. Zarto ya tsaya a wurin, gumi yana bin bayansa. Yana da amsar kowace magana a kan harshensa, amsa mai yanka, amma ya haɗiye. Ya jira suka gama, ya ce, "Na cancanci dariyar. Ita dai ba ta cancanci abin da na yi mata ba. Ku dawo."

Haka ya bi tashar direbobi, ya bi shagunan masu gyaran waya, yana maimaita magana ɗaya. Duk inda ya bi sai ya bar dariya a bayansa. Sunan Zarto ya ɓace, Lauyan Mage ya maye gurbinsa, har yara suna yi masa kukan kyanwa in ya wuce.

Kuma kullum da rana yakan rufe shago ya zo ya zauna a rumfar Inna, a bakin benci inda duk mai wucewa zai gan shi, ya sayi abinci ya ci.

Leburori suka fara dawowa, sannan direbobi. Babbar tukunya ta koma kan wuta. Amma ba kowa ne ya dawo ba. Akwai waɗanda har yau in sun zo wucewa sai su tsallaka titi, kuma duk lokacin da Zarto ya ga haka sai ya ajiye cokalinsa.

Wata rana bayan mutane sun watse, Inna tana kankare ƙanzo, ya ce, "Inna, wani abu yana damuna. Ranar nan kina da gaskiya, kina da shaidu a gidan nan. Kin san sirrin gidanmu tun Mama tana da rai, da kin so da kin wanke ni tas a gaban mutane. Me ya sa kika yi shiru?"

Ta ci gaba da kankarar tukunyarta, ta ce, "Maganganu sun zo har bakina. Masu zafi ne kuwa, sun fi naka. Sai na ga in na sake su, yau da mu biyu ne muke sunkuyar da kai a layin nan. Na ce gara ka ɗauki kunyarka kai kaɗai."

Ta ɗauraye hannu, ta kwashe kwanonsa daga gabansa.

"Na yafe maka tuni. Tashi ka koma shago, masu aiki suna jiranka."

Ya tashi ya tafi. Mutanen layin sun ce tun daga lokacin, in aka kawo masa labarin wani, abin da yake fara tambaya shi ne, "Ka gani har ƙarshe?"

Darasi: 'Yan uwa, ba duk abin da ido ya gani ne hankali ya fahimta ba. Kafin ka ɗora wa mutum laifi, ka tambayi wanda ya sani, ka saurari na kusa da kai ko da ka raina shi, kuma kada ka yanke gaskiya don ta dace da fushinka. Magana zarar bunu ce, mutuncin da ka zubar a cikin taro ba ya kwasuwa duka ko ka bi shi gida gida. In kuwa ka riga ka yi kuskuren, ka gyara shi a inda ka ɓata, ba a ɓoye ba. Wanda aka zalunta kuma ya riƙe harshensa, kunyar ba tasa ba ce. Ku tura wa 'yan uwa da abokan arziki wannan labari, wataƙila ya tsayar da yatsan wani kafin ya tura abin da zai rushe tukunyar maƙwabcinsa.